Haɗarin Sinadarai a Wuraren Aiki da Shan Taba Sigari: Bayani ga Jama'ar Shika, Samaru da Sabon Garin Zariya

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin manoma da masu sana'o'in hannu da ma'aikata, da kuma dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomin Giwa da Sabon Gari. Manufarmu ita ce mu fayyace yadda sinadaran da ake aiki da su a gona da gareji da ma'aikata suke illata jikin ɗan Adam, da yadda shan taba sigari yake ƙara wa wannan illa ƙarfi. Jama'a da dama sun san cewa maganin feshi guba ne, sun kuma san taba tana cutarwa, amma ba kowa ya san cewa idan abubuwan biyu suka haɗu a jiki ɗaya, ɓarnar da suke yi takan zarce ta kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne suke mutuwa a kowace shekara sanadiyyar aikin da suke yi, kuma mafi yawansu cuta ce take kashe su sannu a hankali, ba haɗarin farat ɗaya ba. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, cikinsu har da fiye da miliyan 1 da ba su sha, sai dai suna shaƙar hayaƙin wasu.

Dalilin da ya sa batun ya shafi wannan yanki

Yankin Zariya cibiyar noma ce tun da daɗewa. A shekarar 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta koma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A Shika kuma aka buɗe gonar kiwo ta gwamnati a 1928, wadda ta zama Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa a 1976. Kusancin waɗannan cibiyoyi ya sa manoman yankin suka karɓi noman zamani da wuri, kuma a yau da wuya a sami mai noman masara ko wake ko tumatir ko barkono da ba ya amfani da maganin ciyawa ko na ƙwari, damina da rani.

Sabon Gari kuwa ya bunƙasa ne bayan zuwan jirgin ƙasa a 1911, ya zama matattarar kanikawa da masu walda da masu fenti da kafintoci da masu gyaran batir. Ita ma taba tana da tarihi a nan, domin a shekarar 1959 kamfanin taba na Nijeriya ya buɗe masana'antar sigari a Zariya, kuma manoma da yawa a ƙasar Zazzau sun yi noman ganyen taba shekara da shekaru. Har ila yau, tun daga 2005 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake a mazauninsa na dindindin a Shika. Ke nan ilimi da asibiti duk suna kusa da mu. Abin da ya rage shi ne mai feshi a fadama da yaron gareji su san abin da suke taɓawa.

Hanyoyin da guba take shiga jiki

Hanyoyi uku ne manya. Ta farko ita ce fata, kuma ita ce aka fi rainawa. Magungunan feshi da yawa suna ratsa fata su shiga jini ba tare da an ji zafi ba, musamman idan jiki ya yi gumi ko akwai rauni. Injin feshi mai yoyo da aka goya a baya na tsawon yini yana iya jiƙa riga da guba, rigar kuma ta ci gaba da shayar da fata har lokacin da aka tuɓe ta.

Ta biyu ita ce numfashi, wato shaƙar ƙura ko tururi ko hayaƙi. Ƙurar da ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani, domin ita take wuce hanci da maƙogwaro ta sauka can cikin huhu.

Ta uku ita ce baki, ta hanyar cin abinci ko goro da hannu marar tsabta, ko shan ruwa a galan ɗin da aka taɓa zuba magani, ko busa bakin injin feshi idan ya toshe, ko zuƙo fetur da tiyo.

Abin da ke cikin hayaƙin taba

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma an tabbatar da cewa kimanin 70 daga cikinsu suna haddasa ciwon daji. Akwai nikotin, wanda shi ne yake kama mutum ya kasa dainawa. Akwai kwalta mai liƙe wa huhu. Akwai iskar kabon monoksaid, irin wadda take fita daga salansar janareto, wadda take hana jini ɗaukar iskar da jiki yake buƙata. Akwai kuma benzin, wanda ake samu a cikin fetur, da ƙarfen kadmiyam. Taba tana kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kan shan ta.

Binciken shan taba tsakanin manya da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 10 cikin 100 na maza da kimanin kashi 1 cikin 100 na mata suna amfani da taba, kuma kimanin kashi 17 cikin 100 na masu aiki a cikin gini suna shaƙar hayaƙin wasu a wurin aikinsu. Ya kamata a sani cewa shisha da taba gari da ake sakawa a baki ko a shaƙa ta hanci ba su kuɓuta ba. Taba gari tana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro, shisha kuwa ruwan da ke cikinta ba ya tace guba.

Yadda taba take ƙara wa gubar wurin aiki ƙarfi

Wannan shi ne ginshiƙin bayaninmu, kuma ta fuskoki huɗu abin yake faruwa.

1. Karan sigari yana kai guba baki. Mai feshi ko mai gyaran batir da ya tsaya hutawa ya zaro sigari da hannun da bai wanke ba ya shafa wa karan guba, sannan ya ɗora shi a leɓe sau da dama. Kwalin sigarin da aka ajiye a aljihun rigar aiki ma yana iya gurɓata.

2. Hayaƙi yana kashe masu sharar huhu. Allah ya halicci wasu ƙananan gasu a hanyoyin numfashi waɗanda suke turo ƙura da majina zuwa sama domin a tofar. Hayaƙin taba yana sanyaya aikinsu, daga baya ya lalata su. Saboda haka ƙurar dutse ko ta auduga ko ta katako da mashayi ya shaƙa takan daɗe a huhunsa fiye da ta wanda ba ya sha.

3. Guba iri ɗaya tana zuwa ta ƙofa biyu. Bakanike ko ɗan bumburutu yana shaƙar benzin daga fetur, idan kuma yana shan taba ya ƙara wani a kai, alhali benzin yana lalata ɓargo, yana kuma jawo ciwon daji na jini. Haka mai aiki kusa da janareto yake tara kabon monoksaid daga injin da kuma sigari.

4. Wuta. Tururin fetur da tina da fenti yana kamawa da ɗan tartsatsi, kuma guntun sigari ya isa ya tashi gobara a gareji ko shagon kafinta.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na asbesto, wanda aka yi amfani da shi wajen yin kwanon rufi da silin na tsofaffin gine-gine da kuma wasu faifan birkin mota. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 1979 a kan ma'aikatan asbesto ya nuna cewa haɗarin mutuwa da ciwon daji na huhu ya ninka kimanin sau 5 ga mai aikin da ba ya shan taba, kimanin sau 10 ga mashayin da ba ya aikin, amma ga wanda ya haɗa biyun sai ya kai kimanin sau 50.

Sana'o'i da irin haɗarinsu

Manoma da masu feshi. Yawancin magungunan ƙwari masu ƙarfi, irin su daikulobos da ake sayarwa da sunan Sniper ko ake haɗa fiya-fiya da shi, suna aiki ne ta hanyar rikita saƙon da jijiyoyi suke aika wa tsoka. Yadda suke yi wa ƙwaro haka suke yi wa mutum idan sun yi yawa a jiki. Maganin ciyawa na farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, yana ƙona huhu, ba shi da makari, kuma kurɓi ɗaya yana iya kisa. Hukumar NAFDAC ta haramta shi daga farkon shekarar 2024. Masu tsinkar ɗanyen ganyen taba su ma nikotin yana shiga ta fatarsu idan ganyen yana da raɓa, ya sa su amai da jiri.

Masu adana hatsi. Ƙwayar Phostoxin da ake sakawa a buhu tana sakin iska mai guba, saboda haka bai halatta a ajiye hatsin da aka saka wa ita a ɗakin kwana ko kusa da shi ba. Zuba maganin feshi kai tsaye a kan wake kuwa ganganci ne da ran jama'a. A shekarar 2008 ɗalibai mata sama da 100 a Doma ta Jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan cin wake mai guba, kuma a wannan shekarar ce NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30, ciki har da Gammalin 20. Buhu mai ninki uku da ake kira PICS yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska, ba ya buƙatar magani ko kaɗan.

Kanikawa da masu batir da masu walda da masu fenti. Babban abokin gabarsu shi ne dalma, wadda take cikin batirin mota da wasu fenti. Tana taruwa a ƙashi da jini, tana jawo ciwon ciki da ƙarancin jini da hawan jini da ciwon ƙoda da raunin haihuwa, ga yara kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwa. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Darasin shi ne ƙurar wurin aiki tana bin tufafi da takalmi ta isa ga iyali. Wanke hannu da fetur ko baƙin mai al'ada ce da ya kamata a bari. Hayaƙin walda shi ma an tabbatar yana jawo ciwon daji na huhu.

Masu aikin ƙura. Masu fasa dutse da masu buga bulo da magina suna shaƙar ƙurar silika, wadda take sandarar da huhu, kuma idan ta yi haka ba a iya mayar da shi. Irin wannan huhu ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, taba kuma tana ƙara wannan haɗari. Masu gurzar auduga da masu injin niƙa da kafintoci suna fuskantar asma da ƙuncin ƙirji.

Majema da marina. Sinadarin kuromiyam da ake jimar zamani da shi, da soda mai ƙuna da ake rini da ita, suna cin fata, suna illata ido da hanci. Cibiyar koyar da fasahar fata da ke Samaru wuri ne da masu wannan sana'a za su iya neman shawara.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Alamomin gaggawa bayan feshi sun haɗa da ciwon kai da jiri, yawan gumi da dalalar yawu da hawaye, amai da gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido, rawar tsoka, sarƙewar numfashi, da suma ko farfaɗiya. Sau da yawa ana ɗaukar waɗannan a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko gajiya ko bugun rana, sai a yi jinkiri.

Alamomin da suke zuwa a hankali kuwa su ne tari da ya wuce mako biyu, jini a kaki, haki bayan ɗan ƙaramin aiki, rama ba dalili, dushewar murya, gyambo a baki da ya ƙi warkewa, mutuwar hannu ko ƙafa, da kumburin fuska ko sawu. Duk wanda ya je asibiti ya gaya wa likita sana'arsa, da abin da yake taɓawa, da ko yana shan taba, ko da ba a tambaye shi ba. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma akwai cibiyar ƙasa ta tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da Zariya.

Taimakon gaggawa

1. A ɗauke mutum daga wurin zuwa inda iska take kaɗawa, mai taimako kuma ya kare hannunsa.
2. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu.
3. Idan ido ne, a kwarara masa ruwa mai tsabta na minti 15.
4. Kada a sa shi amai, musamman idan fetur ko kananzir ko soda ya sha.
5. Kada a ɗura masa manja ko madara. Ba su karya guba, kuma suna iya sarƙe shi su shiga huhu.
6. Idan ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki.
7. A garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar maganin, domin sunan da ke jikinta shi zai nuna wa likita makarin da ya dace.

Matakan kariya

A sayi magani a wurin dillali sananne, cikin kwalbarsa ta asali mai lambar NAFDAC, a guji wanda aka ɗura a gorar lemo. A duba launin da ke ƙasan takardar kwalba: ja yana nufin guba mai tsanani, rawaya mai haɗari, shuɗi a yi hattara, kore kuma mai sauƙi, amma ba wanda ake wasa da shi. A bi ma'aunin da aka rubuta, domin ƙara yawa ba ya ƙara amfani.

A sa riga mai dogon hannu da wando da takalmin roba da safar hannu ta roba da tabarau da takunkumin da aka yi domin aikin. Ƙyalle ko rawani da aka rufe hanci da shi ba ya tare tururin guba, idan ya jiƙe ma ƙara cutarwa yake yi. A yi feshi da sassafe ko da yamma, a ba iska baya. Kada a ci ko a sha ko a kunna sigari har sai an wanke hannu da fuska da sabulu. A yi wanka bayan aiki, a wanke kayan aiki daban da na iyali. Yara da mata masu ciki ko masu shayarwa kada su yi feshi ko haɗa magani.

Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin injin feshi, sannan a huda ta domin kada wani ya zuba ruwa ko mai. Kada a wanke injin a rafi ko bakin rijiya, domin Kubanni da Galma da kogin Shika su ne ruwan mutane da dabbobi. A gareji da shago a bar iska tana shiga, a jiƙa dutse ko ƙasa kafin a yanka ko a share, a ajiye janareto a waje nesa da taga.

Abin da doka ta tanada

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005. Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa ta 2015, tare da ƙa'idojinta na 2019, ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba da kuma sanya shi sayar da ita, ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta hana sha a asibitoci da makarantu da motocin haya da wuraren aiki na cikin gini, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta samar da iska da hanyar fitar da ƙura da hayaƙi da kayan kariya. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ba ma'aikacin da ya kamu da cuta saboda aikinsa haƙƙin diyya ta hannun asusun NSITF, wanda mai ɗaukar aiki yake zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba tare da an cire daga albashin ma'aikaci ba.

Nauyin da ke kan shugabanni

Mafi yawan mutanen da muka ambata ba su aiki a masana'antar da sufeto yake ziyarta. Mai feshin haya da almajirin gareji ba su da wanda zai duba su sai na kusa da su. Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da su riƙa tunatar da jama'a kafin faɗuwar damina da lokacin kaka. Jami'an duba-gari da malaman gona su riƙa zagaya kasuwanni suna lura da magungunan da aka haramta ko aka sake wa mazubi, su sanar da hukumar da abin ya shafa. Ƙungiyoyin manoma da na kanikawa su haɗa kuɗi su sayi kayan kariya, su kuma kafa dokar hana shan taba a wurin aiki. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa rubuta sana'ar majiyyaci, domin da haka za a gane inda matsala ta fi yawa. Ranar 28 ga Afrilu, ranar kiyaye lafiya a wurin aiki, da 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba, lokuta ne da suka dace da gangamin wayar da kai.

Amfanin daina shan taba

Ba kowa ne zai iya barin sana'arsa ba, amma kowa zai iya barin taba, kuma jiki yana fara murmurewa nan da nan. Cikin sa'o'i 12 kabon monoksaid da ke jini yana komawa daidai. Cikin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu suna inganta. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi, bayan shekara 10 kuma na ciwon daji na huhu yana komawa kusan rabin na mai sha. Mai niyya ya tsayar da rana, ya sanar da iyalinsa da abokan aikinsa, ya nisanci majalisar da ake sha, ya kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya. Watan azumi dama ce babba ga wanda ya saba yini bai sha ba. Wanda ya gwada ya koma kada ya yanke ƙauna, domin da yawa sai bayan gwaji da dama suke dainawa.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Kuɗin safar hannu da takunkumi da sabulu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba, huhun da ya lalace kuwa ba a sayen wani a kasuwa. Muna fatan duk wanda ya karanta wannan bayani zai isar da shi ga maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Mai neman ƙarin haske ya tuntuɓi sashen lafiya ko na aikin gona na ƙaramar hukumarsa, ko malamin gona na gundumarsa. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.